Tiyar Doki da Tukunyar Maƙwabci

Sayen doki rana ɗaya ake yi, riƙonsa kuwa kowace safiya sai an sake biya. Masu dawaki a Katsina da Kano da Kaduna sun san wannan lissafi sarai. Wasunsu ma ba a gida suke ɗaure dawakinsu ba, sukan ajiye su a bargar masu ƙwallon dawaki ko wurin wani makiyayi, ƙarshen wata su biya kuɗin ci da na kulawa. Abin tambaya shi ne: ya dace mutum ya kashe wa dabbar da yake hawa don ado abin da zai ciyar da gida guda, alhali a unguwarsu akwai gidan da ba a hura wuta ba?

Bari mu fara da buɗe littafin barga. Masana kiwo sun ce doki yana cin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a yini. Ke nan mai nauyin kilo 350 zai ci kusan kilo 7, wato kilo 210 a wata, yawancinsa harawa da ciyawa. Idan aka ƙara masa tiya ɗaya ta gero ko dawa kullum, tiya 30 ke nan, kashi uku cikin huɗu na buhu mai tiya 40. Ga dusa da kanwa, ga ruwan da yakan wuce lita 20 a rana, ga maganin tsutsa da na kaska, ga yankan kofato, ga ladan ɗan barga. Farashi yana hawa yana sauka, amma cikin doki bai san bazara ko kaka ba. Abin lura a nan shi ne hatsin da ake zuba masa shi ne dai wanda ake tuƙa tuwo da shi.

Nauyin wannan magana ya fi fitowa idan aka kalle ta daga Ruwan Godiya ta ƙaramar hukumar Faskari, garin da sunansa ma yake tuna wa mutum da goɗiya, macen doki. Yankin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ƙasar noma ce, amma shekaru ke nan 'yan bindiga suna raba manomi da gonarsa. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. Inda gona ta kwana ba shuka, buhun da ya isa birni ya ragu, tiya ta yi tsada. Dokin da yake turke a birni da marayan da ya baro ƙauye, kasuwa ɗaya ake auno musu.

Duk da haka, wanda ya yanke wa mai doki hukunci nan take ya yi gaggawa. Doki yana cikin jinin tarihinmu. Sarauta guda, ta Shamaki, asalinta kula da bargar sarki ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa wasan ƙwallon dawaki a birninsa a shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya shahara da shi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin gadon al'adun duniya. Ban da haka, kuɗin barga ba rami ake zuba su ba. Mai harawa yana ci, baduku mai ɗinkin kayan doki yana ci, maƙerin linzami da likkafa yana ci. Da za a wayi gari an kwance kowane turke, waɗannan ne za su fara kwana da yunwa, maraya kuwa ba lallai ko ƙwaya ta kai gare shi ba.

Ke nan laifin ba ya cikin adadin kuɗin. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa masu dawaki gida uku: wanda dokinsa lada ne gare shi, da wanda sutura ne, da wanda nauyin zunubi ne saboda alfahari ya ɗaure shi. Turke ɗaya, harawa ɗaya, amma sakamako ya bambanta. A fahimtata, ana gane gidan da mutum ya faɗa ta hanyar duba yadda yake sauke haƙƙoƙi uku da suke rataye a turken.

Na farko haƙƙin dokin kansa. Shi bai roƙi a saye shi ba, ba ya kuma iya kai ƙara. Wanda yake ƙawata shi da jalala ranar hawa, sa'an nan ya bar haƙarƙarinsa a waje sauran watanni, ya ci amanar marar baki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya sha kirari a bisa sirdi, dole ya biya harawa. Wanda kuwa aljihunsa bai kai ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, sayarwa ta fi masa mutunci.

Na biyu haƙƙin ɗan barga, mai tashi da asuba ya kwashe kashi, ya yanko ciyawa, ya sha harbi. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne. Ya kamata mai doki ya jera lambobi biyu a gabansa: abin da dabbar ta ci a wata, da abin da yaron ya karɓa. Idan aka matsa a yi ragi, kan wa ragin yake faɗawa? Wanda yake jinkirta ladan mutum don kada dusa ta yanke ya riga ya faɗi matsayin ɗan Adam a wurinsa.

Na uku haƙƙin maƙwabci, kuma shi ne mafi sauƙin mantawa, domin babu mai kawo takardarsa ƙarshen wata. A mazhabar Malikiyya ba a fitar da zakka a kan dokin hawa. Wannan sauƙi ne, amma ya bar mutum shi da zuciyarsa. Ma'aunin da nake ganin ya dace ba shi da wuya: duk tiyar da aka auna wa barga, a auna 'yar uwarta zuwa gidan da ba a ɗora tukunya ba. Wanda ya iya biyun, ya riƙe dokinsa da alheri. Wanda ɗaya kawai ya iya, ya san wadda ta fi cancanta.

Ranar hawa kowa mahayi ne, ganga da algaita suna rufe aibi. Halin mai doki a tsakiyar bazara ake ganinsa, lokacin da harawa ta yi tsada, ba ɗan kallo ko ɗaya, aka kawo masa lissafin wata.