Wa Ke da Ikon Yanke wa Wanda Ba a Haifa Ba Hukunci?



Tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa ta taso ne daga ɗakunan binciken kimiyya na Amurka da Turai da ƙasar Sin, amma duk wadda ta taɓa kwana a asibiti tana rungume da yaro mai sikila yana kukan ciwon ƙashi, ta san maganar ta cikin gidanmu ce. Tambayar ita ce: yanzu da ɗan Adam ya kai ga iya sa hannu ya gyara rubutun gadon da ke cikin jikinsa, wane gyara ne ya dace ya yi, kuma a jikin wa?

Bari mu fara da ita kanta cutar, domin da yawanmu mun san zafinta ba mu san asalinta ba. A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai wani dogon rubutu da muka gada, rabi daga uwa rabi daga uba, kowane rabi mai haruffa kimanin biliyan 3. Shi ne yake tsara launin fata da tsayi da yadda jini zai kasance. To, ita sikila, wato amosanin jini, harafi ɗaya tak ne ya sauya a cikin wannan rubutu. A shekarar 1956 wani masani mai suna Vernon Ingram ya nuna a Kambirij ta Ingila cewa bambancin sinadarin jinin mai sikila da na mai lafiya tubali ɗaya ne kacal. Wannan ɗan sauyi shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali na mai lafiya sukan yi kwana 120. Duk wahalar nan da muke gani, kumburin hannu da ƙafa, idanu su yi rawaya, ƙarin jini yau da gobe, daga harafi ɗaya ne. Kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a Nijeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Allah kaɗai Ya san yawan matan da aka kira masu wabi a da, ko aka zargi kishiya ko maƙwabciya da maita a kan 'ya'yansu, alhali wannan ce take ɗauke su.

Yadda aka kai ga maganin ma abin mamaki ne. Masu binciken ƙwayoyin bakteriya ne suka lura cewa waɗannan halittu, da ido ba ya gani, suna da hanyar tuna abokin gaba. Idan bairos ya kawo musu hari suka tsira, sai su yanki ɗan guntun rubutunsa su ajiye, ranar da ya dawo su gane shi su daddatsa shi. Wani masani ɗan Sifaniya, Francisco Mojica, yana cikin waɗanda suka fara gane haka, sannan a 2007 masu bincike na wani kamfanin kayan haɗin abinci mai suna Danisco suka tabbatar da shi a jikin bakteriyar da ke daskarar da madara, irin aikin da muke gani a kindirmo. A 2012 mata biyu, Jennifer Doudna 'yar Amurka da Emmanuelle Charpentier 'yar Faransa, suka nuna cewa za a iya aro wannan almakashi a tura shi ya yanka duk inda ake so a cikin rubutun gado. Sunansa CRISPR. A 2020 aka ba su kyautar Nobel, karo na farko da mata biyu suka raba ta a fannin kimiyyar sinadarai babu namiji a tsakaninsu. (Wannan kam ina faɗa wa ɗalibaina mata a aji, musamman masu cewa wai kimiyya ta maza ce.)

To, daga nan sai hanya ta rabu biyu, kuma a rabuwar ne tambayarmu take.

Hanya ta farko ita ce wadda aka bi da wata mata mai sikila 'yar jihar Misisifi ta Amurka, Victoria Gray, a 2019. An ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikinta, aka gyara su a ɗakin bincike, aka mayar mata. Hikimar ita ce, jariri a cikin uwa yana da wani nau'in sinadarin jini na daban wanda ba ya lanƙwashewa, bayan haihuwa da 'yan watanni sai jiki ya kashe shi ya kunna na manya. Shi ya sa yaro mai sikila yakan yi watannin farko lafiya lau. Abin da likitocin suka yi shi ne sake kunna wancan na jarirai. Matar ta fito ta shaida wa duniya cewa ciwon da ya riƙa kwantar da ita tun tana ƙarama ya daina tashi. A watan Nuwamban 2023 Ingila ta amince da maganin, mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ba abu ne mai sauƙi ba fa, sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargonsa, kuma hakan yana iya hana shi haihuwa. Amma ki lura da abu biyu: baligar mace ce aka yi wa bayani ta ce ta yarda, sannan gyaran ya tsaya a jikinta, ba ya bin zuriya.

Hanya ta biyu ita ce ta wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna He Jiankui. A watan Nuwamban 2018 ya sanar cewa an haifi tagwaye mata waɗanda ya gyara rubutun gadonsu tun suna ƙwai a cikin kwalba, kafin a dasa wa uwarsu. Hujjarsa ita ce mahaifinsu yana ɗauke da cutar ƙanjamau, shi kuma yana so ya rufe ƙofar da cutar ke bi ta shiga jiki. Duniya ta yi masa ca. Yaran ba su da ciwon komai, akwai sanannun hanyoyin da ake kare jariri daga kamuwa ba tare da an taɓa halittarsa ba, kuma irin wannan gyara yana shiga kowace ƙwaya ta jiki, har 'ya'ya da jikoki su gada. A Disamban 2019 kotu ta ɗaure shi shekara 3, an sake shi a 2022. Su kuwa yaran, su ne za su rayu da abin da aka yi musu.

Almakashin ɗaya ne a wuraren biyu. Don haka ni a ganina mai cewa duk taɓa rubutun gado sauya halittar Allah ne ya yi gaggawa, domin da haka ne, da ƙarin jini da dashen ƙoda ma sun shiga ciki. Majalisun fiƙihu na duniyar Musulmi da suka duba batun sun karkata ga halatta irin na farko bisa sharuɗɗa, suka ja baya daga na biyu. Abin da ya raba su shi ne wanda zai ɗauki sakamakon. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Victoria ta ɗebo wa kanta, ko daɗi ko zafi bakinta. Shi kuwa He Jiankui ya ɗebo ne ya zuba a bakin waɗanda ba su da bakin cewa a'a.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ya kamata hannu ya yi rawa kafin a taɓa zuriya, kuma ita sikilar ce ta koya mana shi. A 1954 wani likita da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, ya gano cewa wanda ya gaji harafin sikila daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa harafin ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi katutu, irin namu. Kin ga ke nan abin da muke kira aibi ya kasance garkuwa ga miliyoyin yara tsawon ƙarnuka, ba wanda ya sani. Ita ma ƙofar da He Jiankui ya so rufewa, an san cewa waɗanda aka haifa babu ita sun fi shan wahala idan wata cutar sauro mai suna West Nile ta kama su. Mun iya karanta haruffan, amma fahimtar ma'anarsu da sauran tafiya.

Zuwa nan na san duk mun yarda, kowa ta yi tir da mutumin ƙasar Sin. Sai dai laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Shin mu ba ma yanke wa wanda ba a haifa ba hukunci? Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A nan ne ƙwaƙwalwa take yaudarar mutane, har masu ilimi. Sai ki ji an ce, ai ɗaya ne cikin huɗu, idan muka haifi uku muka tsaya shi ke nan. Ko kuma a ce, tunda na fari ya zo da ita, ukun da ke tafe sun kuɓuta. Ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ba ta san abin da ya fito a baya ba. Idan aka lissafa, ma'auratan da suka haifi huɗu, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai cutar ta kai kashi 68 cikin 100. Idan shida ne, ta haura 80. A gidajenmu kuwa shida ba wani abin labari ba ne.

Kakanninmu suna da uzuri, ba su sani ba, kuma ba su da hanyar sani. Mu gwajin yana nan a asibitin gari, kuɗinsa bai kai na turmin atamfa ɗaya na lefe ba. Saudiyya ta wajabta shi kafin aure tun 2004, jihar Kano ma ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Amma muna jin yadda ake yi: a ɓoye sakamako don kada a fasa, ko a nemi mai rubuta takardar bogi, ko a bari sai an sa rana an raba goro sannan a je gwaji, lokacin da ba mai iya ja da baya. Wata uwar ma cewa za ta yi, ni ban yarda da wannan bincike-binciken ba, Allah ne mai tsarewa. Haƙiƙa Shi ne mai tsarewa. Amma ita wannan uwar tana kulle ƙofarta da dare, kuma da za a ce mata buhu ɗaya cikin huɗu na shinkafar biki akwai guba, ba za ta dafa ko ɗaya ba. Mai sauya takardar gwaji, ni ban ga nisan da ke tsakaninsa da He Jiankui ba. Shi ma kotu ta same shi da ƙirƙirar takardun amincewa na bogi.

Ba ina cewa abin da sauƙi ba ne. Yarinyar da ta shekara biyu ana neman aurenta, zuciya ta riga ta kwanta, a zo a ce mata takarda ta raba su, ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda bai taɓa shiga ba kada ya yi mata dariya. Wasu kuma za su yi wata tambaya mai nauyi: idan aka hana irin wannan aure, ashe ana nufin masu sikilar da ke raye bai kamata a haife su ba? Ko kusa. Wanda ya zo duniya ya zo da cikakkiyar darajarsa, kuma a cikinsu akwai mahaddata da likitoci da iyaye. Kare wanda bai zo ba daga ciwo daban, raina wanda ya zo daban. Abin takaici, mu sai mu haɗa su wuri guda: a yi sakaci da gwaji, sannan a dawo ana ce wa yaro wai ba zai yi tsawon rai ba don haka kada a ɓata kuɗin makaranta a kansa, ko a guji yarinya mai AS kamar mai kuturta, alhali lafiyarta ƙalau, kuma idan ta auri mai AA ba ɗanta ko ɗaya da zai zo da SS. Sau da yawa ma ita kaɗai ake tuhuma, kamar shi mijin bai kawo nasa rabin ba.

Wata za ta ce, to ai ga magani ya fito, nan gaba kaɗan matsalar ta ƙare. Farashin da aka sa wa Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, sama da naira biliyan 3 a canjin 2025, ban da asibiti na musamman da makonnin jinya. An yi maganin a inda masu cutar ba su da yawa, masu cutar kuma suna inda ko jinin ƙari sai dangi sun yi layi. Wannan ma tambaya ce da ke kan masu kamfanonin da gwamnatocinmu, ba kuma zan ce ta fi ta farko sauƙi ba.

Kafin ranar da zai iso gare mu, abubuwan da ke rage wa yaro mai sikila wahala sanannu ne: a gano cutar tun yana jariri, a ba shi rigakafi da maganin fenisilin kamar yadda likita ya tsara, ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa sosai, a kiyaye shi daga sanyin hunturu, sannan akwai ƙwayar hydroxyurea wadda ita ma aikinta ƙara wancan sinadarin jini na jarirai ne. Shi kuwa gwaji, lokacinsa tun yarinya da yaro suna makaranta ne, kowa ya san nasa kamar yadda ya san sunan kakansa, ta yadda ranar da aka ce wane yana sallama a ƙofar gida, tambayar za ta zo kafin a kai kuɗin gaisuwa.