Baƙo da Bango: Ko Sadaka Ta Isa?

Ya mai karatu, ga wata tambaya wadda ta kamata mai neman halin kirki ya auna a zuciyarsa: mutumin da ya miƙa wa ɗan gudun hijira tuwo a ƙofar gida, ya sauke nauyin da ke wuyansa ke nan?

Tun shekara ta 2019 dubban mutane suka tsere daga ƙasar Sabon Birni da Isa saboda 'yan bindiga. Waɗansu suka ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi, waɗansu suka shigo birnin Sakkwato, suna kwana a gidajen da ba a gama ginawa ba. Mutanen gari ba marowata ba ne. Amma wanda kullum ake miƙa masa, ba a taɓa neman kome a hannunsa ba, a hankali zuciyarsa takan karai, har ya ɗauka shi kaya ne a kan mutane. Mu da muka ji yadda aka gudu da Yesu zuwa Masar yana jariri, bai kamata wannan ya zama ƙaramin abu a gare mu ba.

A ƙasar Urdun akwai zangon Za'atari, wanda aka buɗe a 2012 domin mutanen Siriya da yaƙi ya kora. A can masu zane suka haɗa kai da yaran zangon, suka ƙawata bangaye da launi iri iri. Ɗaliban waɗansu jami'o'i a Turai da Amurka sun yi irin wannan aiki tare da baƙin garuruwansu. Wani zai ce, mai yunwa ba ya cin fenti. Gaskiyarsa. A fara da ciki. Amma bayan ciki ya cika, mutum yana da wata yunwa, wato a ce da shi, zo ka kama mana.

Dubi Ƙofar Marke. Su wa suka gina ganuwar da ƙofar ke jikinta? Jama'ar Shehu Usmanu ne, waɗanda su kansu suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. A 1809 Muhammadu Bello ya kafa birnin, aka kewaye shi da ganuwa. Ganuwa kuwa ba ta ginuwa sai da hannu da yawa: wannan ya kwaɓa ƙasa, wancan ya ɗauko ruwa, wani ya jera tubali. Wanda ya ɗauki ƙasa a kansa ba ya sake tambaya ko garin nasa ne. Yawancin ganuwar ta zube, amma jikokin maginanta su ne yau ake kira 'yan gari.

In ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ko samarin wata unguwa, suka yi niyyar zanen bango tare da baƙi, sai su yi hankali da tarko. Yana da sauƙi mai ilimi ya shirya zanen duka a takarda, sa'an nan ya kira baƙi su riƙe buroshi domin a ɗauki hoto. Wannan ma sadaka ce, sai dai ta sa rigar gayya. Mafi muni kuma, a matsa wa matar da aka kashe mijinta ta zana baƙin cikinta domin masu wucewa su kalla. Wa ya ba mu ikon baje raunin wani a bakin hanya? Wataƙila abin da take so ta gani a bangon shi ne rumbun gero, ko rijiyar ƙauyensu.

Akwai kuma maƙwabta da ba su son surar mutum ko dabba a jikin gini. Kada a raina su. Maginan Hausa sun daɗe suna ado da dagi da sarƙaƙƙun layuka, kamar yadda ake gani a tsofaffin gidajen Zariya da Damagaram. Cikin waɗanda suka gudo akwai masu shafe, da mata masu daɓe, da masu zanen ƙwarya. A tambaye su tukuna abin da suka iya, a zauna da mai unguwa da mai bangon, sa'an nan a sayo fenti.