Gado ko Amana?

Idan malami ya rasu a Bodinga ko Shagari, ya bar gafaka cike da tsofaffin takardun ajami, shin na wane ne? Magada za su ce gadonsu ne, shari'a kuwa ba ta hana su ba. Sai dai littafi ba gona ba ne. In aka raba warƙoƙinsa gida uku, kowa ya tashi a tutar babu.

Masu kishin tarihi kan ce a kai su Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, inda gara da yoyon damina ba za su taɓa su ba. Mun yarda, amma da saura. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi yana nan kusa a Bodinga. Rubuce-rubucensu ba don an kulle su suka iso gare mu ba. Almajirai ne suka yi ta kwafa da hannu, wannan ya ara wa wancan.

A ganinmu takarda ta magaji ce, ilmin da ke cikinta na jama'a. Ya riƙe abinsa a gida, amma kada ya hana a ɗauki hoto. Sauran wanda zai karanta: mu marubuta, mutum nawa cikinmu ke iya ajamin kakansa?