Ina Shekaru Huɗun Suka Tafi?

Ranar da na gaya wa Baba na samu aikin nazarin alƙaluma a wata ƙungiya mai harkar lafiya, bai yi mini barka nan take ba. Ya ɗan ja carbinsa, sannan ya ce, "To kimiyyar fa? Shekara huɗu, ga bijimin da muka sayar, ina suka tafi?"

Tambayar tana da hujja. Likitanci na nema, makin JAMB bai kai ba, aka ba ni ilimin ƙananan halittu, kamar yadda ake yi wa da yawa daga cikinmu. Na gama, na yi bautar ƙasa a aji, na ƙara shekara biyu ina koyarwa a makarantar kuɗi kan albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Daga nan na koma shagon POS na wani abokina ina riƙe masa lissafi. A can na fara taɓa Excel, da dare kuma ina bin darussan SQL da Python a waya, in data ta yarda.

Shin mutum yana da bashin abin da ya karanta a wuyansa? Abokai sukan lallashe ni da cewa ilimi ba ya ɓata. Ni ban yarda gaba ɗaya ba. Yana ɓata mana. Yau in aka miƙo mini madubin ganin ƙwayoyin cuta, sai na yi ta lalube kafin in daidaita shi. Kujerar da na zauna a kanta shekara huɗu, wataƙila da wata ce ta samu, da yanzu tana ɗakin gwajin jini a asibitin da ba shi da ma'aikaci. Wannan asara ce, kuma gara a kira ta da sunanta.

Sai dai akwai abin da ya maƙale. A ajin farko, ranar gwajin sinadarai, mun san amsar da ake so ta fito, don haka muka gyara lambobinmu suka zo daidai. Malaminmu ya dubi takardar ya ce, "Awo uku, duk iri ɗaya har ɗigo? Ku koma ku kawo mini abin da kuka gani." Haushinsa muka ji a lokacin.

Na sake tuna shi da na karanta labarin John Snow, likitan Landan. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutum sama da 600, a zamanin da galibin likitoci suka ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya ga sun taru a kewayen famfon titin Broad, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi da waɗanda ba su shiga lissafinsa ba. Wata dattijuwa ta mutu a Hampstead, nesa da unguwar. Da ya bar ta a gefe, ba mai tuhumarsa. Amma ya bi sawu, ya gano ashe kawo mata ruwan famfon nan ake yi har gida, saboda ta fi son ɗanɗanonsa. Wadda ta yi kamar za ta rushe masa hujja ita ce ta ƙarfafa ta. Snow ya haɗa duba majiyyata da ƙirga, kuma ba wanda zai ce ya ci amanar likitanci.

Don haka nake ganin bashin, in akwai shi, a wurin ɗabi'ar da aka koya maka yake, ta rubuta abin da ka gani ko da ya ɓata maka shiri. Ana iya cin wannan amana sanye da farar riga a ɗakin gwaji. Mu ma ai a can muka fara ci.

Watan jiya aka ba ni alƙaluman rigakafi in haɗa rahoto. Cibiyoyi uku sun nuna an yi wa yara allura fiye da adadin yaran da ke yankin. Oga ya leƙo ya ce, "Bar su haka, ai sun ɗaga mana lissafi." Ba zan ce na yi jarumta ba, cewa na yi a ba ni kwana biyu. Na yi ta buga waya, har wata ma'aikaciya ta gaya mini firjinsu ya lalace tun kafin azumi, kuma a ofis aka cike takardun don kada a ce ba su yi aiki ba. Ma'ana akwai yaran da takarda ta ce an yi musu, alhali ba a yi ba.

Na miƙa rahoton da cibiyoyin uku a ware, da bayani a ƙasa. Oga ya karanta bai ce uffan ba, kuma a ƙarshen watan gobe kwantiragina zai ƙare. Ban ba Baba wannan labari ba tukuna. Har yanzu in baƙi sun tambaye shi aikina, cewa yake, "Yana harkar kwamfuta ne, amma fa kimiyya ya karanta."