Sharar da Muke Zubawa a Kwata: Ko Zunubi Ce?

'Yan'uwa cikin Almasihu, sa'ad da muka durƙusa a gaban Fada domin furta zunubanmu, mukan ambaci ƙarya da sata da fushi. Amma da wuya a ji wanda ya ce, "Na juye kwandon shara a kwata da dare." Ya kamata mu tambayi kanmu ko wannan abu ƙarami ne a gaban Allah.

Mu da muke zaune a Nasarawa mun san halin damina. Da hadari ya haɗu, sai a fito da shara, ledar ruwan sha da gorar roba da ɓawon rake, a watsa a kwata domin ruwa ya tafi da su. Ruwa kuwa gangare yake bi. Leda ba ta ruɓewa. Tana toshe magudana a ƙasan gida na uku ko na goma, ruwa ya koma ɗakin wata gwauruwa, abin da ya rage ya kwanta ya zama gidan sauro. Ragowar ta gangara Kogin Kaduna, inda masu lambu suke ɗiban ruwan ban ganyen da muke saya a kasuwa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 sun san cewa talakan bakin kogi ne ruwa ya fara ci.

Wani zai ce, "Motar kwasar shara ba ta zuwa unguwarmu, masaƙun Kakuri kuma sun daɗe suna zuba ruwan rini a kogi, ina laifin ledata guda?" Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma wajibi ne mu ci gaba da tunatar da hukuma aikinta. Sai dai yawancin masaƙun sun rufe tun farkon shekarun 2000, kwatocinmu kuwa ba su daina toshewa ba. Laifin babba ba ya wanke na ƙarami.

Zunubi shi ne mutum ya san abu yana cutarwa, ya aikata da gangan. Wanda ya jira dare kafin ya zubar da shara ya riga ya shaida cewa ya sani. Littafin Farawa ya koya mana cewa amana aka ba Adamu ya kula da gonar. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya bayyana a saƙonsa na ranar salama ta 1990 cewa lalata muhalli batun ɗabi'a ne. Paparoma Fransis ya ƙarfafa wannan koyarwa a 2015.

Maƙwabcinmu shi ne duk wanda ruwan ƙofarmu yake isa gare shi, Kirista ne ko Musulmi. Saboda haka mu riƙa zuwa kasuwa da kwando, mu tara shara a buhu, kowane gida ya yashe kwatar ƙofarsa kafin ruwan fari. Yadda Zumuntar Mata take share harabar coci ran Asabar, haka ya dace mu yi wa layinmu.

Ubangiji ya gafarta mana abin da muka zuba wa 'yan'uwanmu cikin duhu. Amin.