Tafkin Gishiri Ma Amanar Allah Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

A kudancin Sifen, wato Andalus, akwai wani tafkin gishiri da ake kira Fuwente de Piyedra. Ruwan sama yakan cika shi lokacin sanyi, in zafi ya zo sai ya ƙafe, ya bar farin gishiri. Ruwansa ba ya shawuwa, ba ya raya shuka. Amma a nan dubban tsuntsayen filamingo, masu dogayen ƙafafu, suke ƙyanƙyasa. Shekarar da ruwa ya gaza kuwa, ba su yin sheƙa. A 1984 hukuma ta keɓe tafkin da doka.

Keɓe wuri haka shi ne hima a shari'a. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Suratul An'am, aya ta 38, ta koyar cewa tsuntsaye al'ummu ne tamkar mutane. Saboda haka wanda ya zuƙe ruwan ƙasa da rijiyoyi har irin wannan tafki ya ƙafe kafin lokacinsa, ya rushe mazaunin al'umma guda, kuma lalle za a tambaye shi ranar hisabi.

Allah Ya kiyashe bayinsa daga cin amana, amin.