Kwaɗo Ya Kama, Tafi Gida

Akwai mai shagon da ke rufewa da magariba, ya danna kwaɗo, ya ja ya ji ya kama, ya kama hanya. Bai kai bakin titi ba zuciya ta ce masa, anya ka kulle? Ya dawo ya ja. Ya tafi, ya sake dawowa, har maigadin layi ya fara binsa da ido. Akwai mai POS da ke ƙirga kuɗin da ya riga ya ƙirga sau huɗu, jama'a na ta tsaki a gabansa. Akwai ma'aikaciyar jinyar da sabulu ya tsattsage mata hannu. Sai kuma wanda ya fi kowa shan wahala a ɓoye: alwalar Azahar ta ci masa rabin awa, ya yi kabbarar harama sau biyar, liman ya kai ruku'u shi bai shiga salla ba.

Da ku nake, 'yan uwa. Abin nan da kuke ɓoyewa ciwo ne, yana da suna, kuma yana da magani.

Likitoci na kiransa OCD, mu kuma mu ce ciwon waswasi. Kusan mutum 2 cikin 100 ne ke gamuwa da shi a tsawon rayuwa, kuma yawanci kan soma kafin shekara 25, daidai lokacin da yaro ke koyon sana'a. Wato a gareji ko masaƙar da ke da ma'aikata ɗari, da wuya a ce kai kaɗai ne. Yadda yake aiki kuwa kamar ƙaiƙayi ne. Wani tunani ya faɗo maka ba da son ranka ba, tsoro ya taso, ka koma ka duba ko ka sake wankewa, hankali ya ɗan kwanta. To wannan ɗan sauƙin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka dubawar ce ta cece ka, gobe sai ta nemi ninkinta. Susa tana daɗi, amma ita ke faɗaɗa gyambo.

Kada wanda ya ce maka raunin imani ne. Wanda mugun tunani game da addini ke firgita shi har ya kasa barci, firgitar ta nuna abin ba halinsa ba ne. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi bayanin waswasi a matsayin cuta mai buƙatar jinya a littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya ji hukuncin mutumin da kokwanto ya aure shi: an umarce shi ya yi watsi da kokwanton, ya ci gaba da sallarsa. Ni dai ina mamakin yadda muke karanta wannan a zaure, amma mu manta da shi a bakin famfo.

Abin sha'awa, maganin asibiti ma kan wannan turba yake. A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya gwada wata hanya a kan majinyatan da aka rasa yadda za a yi da su. Ya sa suka tunkari abin da suke tsoro, ya hana su yin al'adar da suka saba kwantar da hankali da ita, suka samu sauƙi. Har yau ita ce kan gaba. Ƙwararre zai zauna da kai ku jera abubuwan tsoron daga ƙarami zuwa babba. Yau ka danna kwaɗo sau ɗaya ka tafi. Gabanka zai faɗi, gumi zai karyo, ƙafa za ta so juyawa. Kada ka juya. Tsoron zai hau ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka da kansa, kuma duk ranar da ka maimaita, ƙarfinsa raguwa yake.

Da wuya? Ƙwarai kuwa. Amma wa ake gaya wa wuya? Kai da ke tashi tun asuba ka ɗora buhun siminti a ka, ke da ke tsaye gaban kaskon suya rana tsaka, kai da ka yi shekara uku kana share shagon maigida kafin a ba ka almakashi. Juriyar da wannan magani ke nema kuna da ita tuntuni, a kan neman abinci kuke kashe ta kullum. Ku gutsuro kaɗan ku kashe wa kanku.

Akwai kuma ƙwayoyi, irin su fluoxetine da sertraline da clomipramine. Ba sa sa maye, amma suna da nawa: sai an yi mako 8 zuwa 12 ana sha kafin a ga aikinsu sosai. Mutane da yawa kan zubar da su a mako na uku su ce ba su karɓe su ba. Likita ne zai rubuta, shi ne kuma zai ce a rage. Kada a saya a kemis bisa shawarar aboki.

Iyayen gida da abokan aiki, ku ma da naku. Ku daina yi wa yaron da ke fama da wannan ciwo dariya. Haka nan idan ya tambaye ku karo na goma ko ya kulle, ku daina ce masa e, ka kulle. Amsar taku abinci ce ga ciwon. Ku ba shi rana guda ya je asibiti ba tare da an yanke masa kuɗin yini ba. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Idan gwamnati ta ajiye wannan sunan, mu ma mu ajiye shi.

Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna yana nan, na Kware a Sakkwato yana nan, na Maiduguri da na Dawanau a Kano suna nan, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Ka je ka yanki kati. Idan ka zauna gaban likita, faɗa masa duka, har tunanin nan da kake jin kunyar furtawa. Ya sha jin irinsa.